Loka: Ƙaramin Akwatin da Ke Tsare Kayan Ɗalibi da Lafiyarsa

Duk wanda ya yi zaman makarantar kwana ya san darajar loka. A ɗakin da yara 40 ko 50 ke kwana, gado bisa gado, ita kaɗai ce wurin da yaro zai dafa ya ce nan nawa ne. Ciki yake adana garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukarin da mahaifiyarsa ta ƙulle masa, da sabulu, da littattafai, da 'yan kuɗin da aka ce ya lallaɓa har ranar ziyara. Ran da aka fasa ta, yaron nan zai shiga aji, amma hankalinsa na can wajen abin da zai ci da wanda zai zarga.

Duk da haka, idan an zo sayen loka, tambayar da ta fi yawa a bakin hukumar makaranta da ɗan kwangila ita ce: nawa ne guda? Hausawa kuwa sun ce araha ba ta ado. Kafin a kai ga farashi, ya kamata a san da me aka yi ta, me za a zuba a ciki, kuma hannun wa zai riƙa buɗe ta safe da yamma har shekara 6.

Mu fara da katako, domin shi aka fi sabawa da shi. Katako iri-iri ne. Mai nauyi irin maɗaci yana daɗewa, amma yana da tsada. Fari mara nauyi irin obeche yana da daɗin aiki a hannun kafinta, sai dai gara da ƙwari ba sa raga masa. Wanda ya fi yaudarar mai saye shi ne allon da ake yi da garin katako da gam, a lulluɓe shi da leda mai sheƙi. A shago ya fi kowanne kyau. Da zarar ruwan wanke daɓe ya taɓa gindinsa sai ya kumbura, kusoshin ƙyaure su saki, kuma ba ya gyaruwa. Haka nan duk tsagar da ke jikin katako maɓoya ce ga kuɗin cizo, wanda ke iya yin watanni bai sha jini ba. Shi ya sa ake tafiya dogon hutu a dawo a tarar da shi yana jira.

Lokar ƙarfe ta fi jure wahala, in an kula da abu biyu: kauri da tsatsa. Ana auna kaurin falle da geji, kuma lissafinsa a juye yake, wato ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Geji 24 bai wuce milimita 0.6 ba, geji 18 ya kai 1.2, geji 16 kuwa 1.5. Ƙyauren da aka yi da siririn falle, yaro mai ƙarfi zai lanƙwasa kusurwarsa ya zira hannu ba tare da ya taɓa kwaɗon ba. Don haka ko za a rage kauri a jiki, kada a rage a ƙyaure da firam.

Ita kuwa tsatsa haɗuwar ƙarfe da iska da laima ce. A hunturu ba a ganin ta, sai damina ta yi nisa, wajen watan Agusta, ɗakuna su yi sanyi, yara su riƙa cusa jiƙaƙƙen tawul. Maganinta shi ne fallen da aka lulluɓe da zinki, irin na kwanon rufi, ko fentin hoda da ake gasawa a zafin da ya kusa digiri 200. Idan mai walda ne zai yi, a tabbata ya kankare inda ya yi walda ya shafa jan fentin ƙasa, domin wutar walda tana ƙone zinkin, kuma daga nan tsatsa ke farawa. A ɗora lokar kan ƙafafu ko dakali mai kamar santimita 15, ruwa ya wuce ta ƙasa, tsintsiya ta samu shiga. Ta roba mai kauri ba ta tsatsa, ta dace da gefen banɗaki, amma tsadarta ba kowace makaranta za ta ɗauka ba.

Batun da ya fi damuna shi ne abinci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙaramin ɓera na kurɗawa ta ramin da bai fi kaurin fensir ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yau, ɓera ne ke ɗauke da ƙwayarsa, kuma mutum na kamuwa ta abincin da fitsari ko kashin ɓeran ya taɓa. Garin kwaki kuwa ba dafawa ake yi ba, jiƙawa ake a sha. Lokar da ke da ɓuli a baya, ko ƙyauren da ba ya rufuwa ruf, hatsari ne ga rai. Amma toshe ta gaba ɗaya ma kuskure ne, domin in iska ba ta ratsawa, tufafi su yi fumfuna, takardu su lalace. Mafita ita ce 'yan tagogin iska a sama da ƙasan ƙyaure, a rufe su da ragar waya daga ciki, sannan a ware kanta ta abinci nesa da sabulu da takalma, a sa garin a mazubi mai murfi.

Sai makulli. Wanda aka haɗa a jikin ƙyaure yana da kyan gani, amma ranar da mabuɗi ya ɓata sai an fasa, lokar ta tashi aiki. Sakata mai kauri da yaro zai sa kwaɗonsa ta fi dacewa da mu: in mabuɗi ya ɓata, kwaɗo kaɗai za a yanke. Doguwar loka mai santimita 180 dole a ɗaure ta da bango, kada ta rikito kan ƙaramin yaro. A karkata samanta don kada ƙurar hunturu ta taru, a rubuta wa kowacce lamba, a ba 'yan aji ɗaya waɗanda hannunsu zai kai.

A wurin aiki ma haka abin yake. Ma'aikacin jinya, da leburan masana'antar jima a Challawa da ke wuni cikin sinadarai, suna bukatar loka mai gida biyu: ɗaya na kayan aiki, ɗaya na kayan gida. In ba haka ba, abin da ya manne a rigar aiki shi zai bi uba har tabarmar da 'ya'yansa ke wasa.

Wajen samo lokar makaranta kuwa, ba sai an je ƙasar waje ba. Masu aikin ƙarfe a Panteka ta Kaduna da kasuwar Katako ta Yamai za su ƙera abin da aka nema, in an faɗa musu dalla-dalla. A rubuta kauri da tsayi da irin fenti a takarda, a sa su kawo guda ɗaya ta gwaji. Shugaban makaranta da wakilin iyaye su auna ta, su girgiza ta, su rufe ta su leƙa ko haske na shigowa ta inda bai kamata ba. Su kuma kira ɗalibi ya zuba kayansa a ciki, domin shi ne zai zauna da ita. Iyaye sun damƙa wa makaranta 'ya'yansu amana ne, kuma tsare ɗan garin da uwa ta ƙulle wa ɗanta yana cikin wannan amanar.