Saƙon da ka goge a salula, ina yake tafiya?

Sau da yawa ana tambaya: idan jandarma ko ƴan sanda suka karɓi salular mutum don bincike, shin duk sirrinsa yana cikinta? A yau rabin labarin ne kawai ke cikin wayar.

Salula ta zamani tana kwafe hotuna, lambobi da saƙonni, ta tura su ta intanet zuwa manyan kwamfutoci na kamfanoni irin su Google da Apple. Turawa na kiran wannan ma'ajiya "gajimare", amma gine-gine ne a ƙasa. Kamar manomi ne mai ɗan hatsi a ɗaka, sauran kuwa yana rumbu a wani gari. Shi ya sa saƙon WhatsApp da aka goge yau, ana iya samunsa a kwafin da wayar ta tura jiya.

Sai dai rumbun ba ya hannun mai bincike. A ranar 2 ga Disamba 2015, an kashe mutum 14 a garin San Bernardino na Amurka. Hukumar FBI ta samu iPhone ta ɗaya daga cikin maharan, amma a kulle. Apple ya ba da kwafin da ke ma'ajiyarsa ta iCloud, sai dai na ƙarshe na ranar 19 ga Oktoba ne, wato makonni shida kafin harin. Kuma an yi gaggawar canza kalmar sirrin ma'ajiyar, wannan ya toshe hanyar da wayar za ta tura sabon kwafi. Apple ya ƙi karya makullin wayar, sai a watan Maris 2016 FBI ta buɗe ta da taimakon wasu masana daga waje.

Akwai kuma matsalar iyaka. Laifi a Maradi, bayanai a wata ƙasa: sai alƙali ya nema a rubuce, kuma amsa na iya daɗewa. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, amma ikonta bai kai kwamfutocin ƙetare ba. Sannan ana iya share waya daga nesa, don haka masu bincike ke sa ta cikin jakar da ke tare rezo. Tun 2021 ma, WhatsApp ya ba mutum damar kulle kwafinsa yadda ko kamfanin ba ya iya karantawa.

To, idan an damfare ka ta waya, kar haushi ya sa ka goge saƙonnin. Ɗauki hotonsu, adana muryoyin, rubuta lambar da ranar, ka je komisariya ko birgad ɗin jandarma da wuri. Wanda kuma zai sayar da salularsa a kasuwa, ya fitar da adireshinsa na Google, ya share komai tukuna, don mabuɗin rumbunsa ne yake miƙa wa baƙo.