Kiɗan Ƙarfe: Me Yaranmu Suke Ji a Cikin Wannan Ruri?

A shirinmu na makon jiya wani dattijo ya bugo waya daga Nima hankali a tashe. Ya ce ɗansa ya dawo daga Aflao da wani kiɗa a waya, mawaƙin sai gurnani yake kamar bijimi, anya yaron bai gamu da iska ba? Baba, kwantar da hankalinka, ga bayani.

Sunan kiɗan metal, wato kiɗan ƙarfe. Wanda yaron ya ɗauko kuwa kundin Zã Keli ne, na ƙungiyar Arka'n Asrafokor ta birnin Lome, wanda ya fito a 2019. Da yaren Ewe sunan yana nufin duhu da haske.

Abu uku ne ke haɗa wannan ƙara. Na farko jita mai lantarki: a sassauta tsirkiyarta, a cika mata wuta har muryarta ta dushe, ta koma kamar tirela tana hawan tudu da kaya. Na biyu ganga: makaɗin yana taka ta da ƙafa biyu, kai ka ce garke ne ya firgita ya zuba a guje. Na uku murya: gurnanin nan koyonsa ake yi, daga ciki ake turo iska, wanda bai iya ba kwana biyu maƙogwaronsa ya kwanta. 'Yan Lome sai suka ƙara da nasu na gida: gankogui, ɗan'uwan kugenmu, da axatse mai kama da caki, da gangunan Ewe.

To, mene ne daɗinsa? Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin sharo ko dambe ya san amsa. In kalangu ya ɗau zafi, jiki tsuma yake, tsoro ya fita. Kiɗan nan ma haka yake. A Bamingam ta Ingila ya samo asali, garin masana'antu, inda Black Sabbath suka fitar da kundinsu na farko a 1970. Matashin Maamobi da ya wuni yana fama da rashin aiki da kuɗin haya, in ya ji wani yana yin ihun da shi ba ya iya yi, sai ƙirjinsa ya sauka. Har a Ghanzi, yankin kiwon shanu a Botswana, akwai ƙungiyar Overthrust, kuma masoya kiɗan a ƙasar kan fito da rigunan fata da hulunan makiyaya.

Amma fa gaskiya ɗaya ce: akwai ƙungiyoyin Turai masu waƙar Shaiɗan da zagin addini. Su 'yan Lome sun fi magana kan zalunci da ɓarnar da ɗan Adam ke yi wa ƙasa, tare da ambaton al'adun kakanninsu. Don haka Baba, kafin ka ƙwace waya, zaunar da shi ka ce ya fassara maka abin da ake faɗa. A nan za ka gane inda ya dosa.

Ku kuma samari, a rage ƙara a kunne, don jin da ya tafi ba ya dawowa. In an kira salla, a kashe.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A sauka lafiya.