Rami ɗaya a akwatin kifi, garanti ya tashi

A 'yan shekarun nan, duk mai shiga gidajen abinci da manyan shaguna a Abidjan zai lura da akwatunan kifin ado da ake jerawa a bakin ƙofa. Wasu na gilashi ne, wasu kuma na akirilik, wata roba mai ƙarfi da ake hangen abin da ke cikinta tarwai, wadda da yawa suka fi sani da Plexiglas. Yayana, wanda ke da gidan abinci a Treichville, irin wannan na biyun ya saya a wani shago da ke Adjamé, da takardar garanti ta shekara ɗaya. Yau wata huɗu ke nan ba sa ga maciji da mai shagon.

Akwatin ba ƙarami ba ne. Tsawonsa santimita 150, faɗi 60, tsayi 60. Na zauna na yi lissafi irin na aji: lita 540 ke nan, kuma kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce. Wato fiye da rabin tan, ban da yashi da duwatsu. Dukan wannan nauyi yana tura bangon akwatin dare da rana, abin da ke riƙe shi kawai shi ne mahaɗar kusurwoyi da kuma rufin sama mai tagogi biyu, wanda ke hana bangon buɗewa.

To, wannan rufin ne ya dami Yaya. Tagogin sun yi masa ƙanƙanta, wani dutse da ya so sakawa ya ƙi shiga. Ga kuma bututun injin tace ruwa yana reto a baya, masu cin abinci suna gani. Sai ya kira wani mai gyaran famfo na unguwa, ya faɗaɗa taga ɗaya da zarto, ya huda rami a bangon baya don a ɓoye bututun. Aiki ya yi kyau a ido, har ni ma na yaba.

Bayan wata uku, ruwa ya fara tsattsafowa ta kusurwar gaba. Yaya ya ce ai ramin yana baya, yoyon yana gaba, me ya haɗa su? Mai shago ya buɗe takarda ya nuna masa layi ɗaya cikin ƙananan rubutun Faransanci: duk yanka, huji ko gyaran da ba su suka yi ba yana soke garanti. A ranar ne aka kawo mini takardar in karanta, bayan an riga an yi aikin gama.

Gaskiya ɗaya ce, ko da ɗan'uwanka ta taɓa. Akirilik ya fi gilashi sauƙin huji, kuma nauyinsa kusan rabin na gilashi ne, shi ya sa mutane ke ɗaukarsa abin wasa. Amma yana lanƙwasa. Idan aka rage rufin sama, bangon gaba yana ƙara yin ciki, mahaɗa ta ɗauki wahalar da ba a ƙera ta dominta ba. Haka in bakin injin huji ya yi zafi, ko ramin ya matso gefe, ƙananan tsagu na iya fitowa daga baya. Ko gogewa da sabulun gilashi mai amoniya ko alkol yana jawo irin wannan tsagu. Liƙi da silikon kuwa, da Yaya ya gwada cikin dare, ba ya kama akirilik sosai. Da sinadarin da ke narkar da fuskokin biyu ake haɗa shi.

Sai dai shi ma mai shago ban wanke shi ba. Ya sayar da kaya mai tsada ga mutumin da ya san ba ya karanta Faransanci, bai buɗe baki ya faɗa masa sharaɗin da Jula ko Hausa ba. Kuma babu wanda ya zo ya duba ko mahaɗar tana da rauni tun daga masana'anta. Kwaddibuwa tana da dokar kare masu saye tun 2016, amma wa zai kai ƙara da akwatin da shi da kansa ya sa aka yanka?

Wani malaminmu na fiƙihu ya tuna mana hukuncin da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid: wanda ya sami tsohon aibi a abin da ya saya, alhali wani sabon aibi ya same shi a hannunsa, ko ya riƙe a rage masa kuɗi gwargwadon tsohon, ko ya mayar ya biya ɓarnar sabon. Matsalar ita ce tabbatar da tsohon aibin, kuma zarto ya riga ya ɓata shaida.

Dattawa sun zauna da su sau biyu. Mai shago ya yarda ya aiko mai haɗa akirilik, Yaya ya biya kuɗin kaya, shi ya biya ladan aiki. Har yanzu ana jiran mutumin. Akwatin yana nan da ruwa rabi, an shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin kusurwar, manyan kifayen kuma suna cikin baho a bayan kicin.