Mece ce rada?

Duk lokacin da jirgin sama ya yi ɓatan dabo, sai ka ji an ce ya ɓace daga rada. Na'ura ce da ke hango abu daga nesa, ko cikin duhu ko cikin hazo.

Aikinta kamar amsa-kuwwa ne. Tana harba igiyar rediyo mai gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, ta bugi jikin jirgi, ta dawo. Jinkirin dawowar shi ke nuna nisansa. Birtaniya ta gwada dabarar a 1935, ta kuma ci moriyarta a 1940 wajen hango jiragen yaƙin Jamus tun kafin su iso.

Akwai wata iri da filayen jirage suka fi dogaro da ita: tana tambaya, wata na'ura a cikin jirgin ta amsa da lambarsa da tsayin da yake. To, nan gizo ke saƙa. A 2014 na'urar jirgin Malesiya MH370 ta yi shiru, masu kula da zirga-zirga suka daina ganinsa, sai radar sojoji ce ta ci gaba da hango shi na ɗan lokaci.

Masu hasashen yanayi ma da rada suke bin sawun hadari.