Ƙugin da ke cinye muryar masu jawabi a ɗakunan taro, da yadda ake auna shi

Akwai wani ƙugi mai kauri da ya zama ɗan gida a ɗakunan taro da dama na Abuja. Da zarar an kunna lasifika sai ya taso, ya kwanta a ƙarƙashin muryar mai jawabi, ya kuma bi ta har cikin faifan da aka naɗa. Wahalarsa ta fi faɗawa kan hadimin da aka ɗora wa rubuta bayanin taro, domin idan ya zauna sauraron faifan sai ya tarar adadin kuɗi ko sunan ma'aikata ya nutse a cikin ƙara. Daga nan yawanci takarda ce ke tashi ta neman a sayo sababbin kayan sauti. Amma sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau, kuma kwamfutar da ke kan tebur ta isa ta nuna inda matsalar take kafin a kashe ko kwabo.

Asalin ƙugin wutar lantarki ce. Wutar da ake rabawa a Najeriya tana zuwa da ƙarfin bolt 230, tana kuma kaɗawa sau 50 a kowace daƙiƙa, abin da masana ke rubutawa Hz 50. A Amurka sau 60 take kaɗawa. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga kimanin Hz 20 zuwa 20,000, don haka idan ɗigon wannan kaɗawar ya tsallaka cikin wayar makirufo, amfilifaya za ta ƙara masa ƙarfi tare da muryar mai magana.

Manyan na'urorin auna sauti, irin na kamfanin Audio Precision, dubban daloli ake sayar da su. Sai dai katin sauti na kwamfuta, musamman wanda ake jonawa ta USB, yana yin kaso mai tsoka na aikin. Yakan ɗebi samfurin sauti sau 44,100 ko 48,000 a daƙiƙa, ya mayar da shi lambobi. Manhajoji na kyauta irin su Audacity da Room EQ Wizard sai su tsettsefe lambobin, su zana taswirar da ke nuna ƙarfin kowane amo daban. Lissafin da ke bayan wannan ya samo asali ne daga Joseph Fourier, masanin lissafi ɗan Faransa, kuma a 1965 Cooley da Tukey suka wallafa hanyar da ta sa kwamfuta ke yin sa cikin sauri.

Matakin farko shi ne a auna ma'aunin kansa. Ana haɗa mafitar katin da mashigarsa da gajeriyar waya, a aika amo guda na Hz 1,000, a duba abin da ya dawo. Duk ƙarar da ta bayyana a nan ta katin ce, ba za a ɗora wa wata na'ura laifinta ba. Bayan haka ake saka na'urorin ɗakin a tsakani, ɗaya bayan ɗaya. A nan akwai gargaɗi: mashigar katin bolt ɗaya zuwa biyu yawancinta ke ɗauka, alhali amfilifaya mai wat 100 tana iya fitar da kimanin bolt 28 zuwa lasifika. Wanda ya jona su kai tsaye ba tare da abin rage ƙarfi ba, ya ƙona katin.

Taswirar tana da harshenta. Idan tsini ya miƙe a Hz 50, galibi wayar sauti ce ta kusanci taransifoma ko wayar wuta, ko kuma na'urori biyu aka jona a soket daban-daban, sai bambancin ƙarfin da ke tsakanin wayoyinsu na ƙasa ya tura wuta ta cikin wayar sautin da ta haɗa su. Idan tsinin Hz 100 ne ya fi tsawo, zargi na komawa kan sashen tace wuta na cikin na'urar, inda kafasita kan tsufa. Idan kuwa tsinaye suka jeru a 150, 250, 350 zuwa sama, kunne na jin zizar kamar ta ƙudan zuma, to a bincika inbata mai arha ko makunnin rage hasken fitila. Janareta ma tana barin sawunta. Babba tana juyawa sau 1,500 a minti kafin ta ba da Hz 50, ƙarama sau 3,000, kuma idan nauyi ya yi mata yawa sai a ga tsinin ya zame ƙasa da 50.

Maganin yakan zo da sauƙi. A cire cajar kwamfutar tafi-da-gidanka ta koma kan batir. Idan ƙugin ya ɗauke, an gano hanyar da yake bi. A jona dukkan kayan sauti a soket guda. A raba wayar sauti da wayar wuta, inda kuma dole su haɗu, su gitta wa juna maimakon su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa. Don nisa mai tsawo, waya mai kan XLR ta fi, saboda tana ɗauke da sautin a layi biyu masu kishiyantar juna, ƙarar da ta shiga dukansu sai ta soke kanta a ƙarshe. Idan duk wannan bai yi ba, ƙaramar taransifomar raba sauti tana yanke hanyar wutar ta bar muryar ta wuce.

Dabara guda ce ba a yarda da ita ba, ko da tana aiki: karya ƙafar fulogi ta uku ko yanke wayar ƙasa. Ƙugin kan ɗauke, amma ranar da wuta ta taɓa jikin amfilifaya, mai riƙe da makirufo ne zai zama hanyarta zuwa ƙasa.

Faifan da aka riga aka naɗa kuma ana iya rage masa ƙugi da matatar da ke cire amo guda a Audacity. Iyakarta dai ita ce muryar namiji baligi tana farawa ne tsakanin Hz 85 da 180, don haka wanda ya matsa wajen cire 100 da 150 zai tafi da wani sashe na kaurin muryar. Shi ya sa gwajin rabin sa'a kafin baƙi su zauna ya fi gyaran kwana guda bayan an watse, kuma takardar neman sayen kaya ta fi nauyi idan taswirar awo na maƙale da ita.