Faransanci a Zebilla: haruffan da ake rubutawa amma ba a furtawa

Duk wanda ya san Zebilla, hedkwatar gundumar Bawku ta Yamma a ƙasar Ghana, ya san cewa Burkina Faso na arewa da mu, Togo kuma na gabas, bayan Bawku. A ƙasashen biyu, da Faransanci ake cika takardun kan iyaka. Abin mamaki shi ne, ɗan kasuwar da bai taɓa shiga aji ba yakan yi ciniki da harshen, amma ɗalibinmu da ya karanta shi a makaranta yakan yi magana a kasa gane shi.

Matsalar dai tana ƙarshen aikatau. Mu a Hausar boko, abin da aka rubuta shi ake faɗa, Faransanci kuwa ba haka yake ba. Ɗauki “parler”, wato yin magana: “je parle”, “tu parles”, “il parle” da “ils parlent” duk furucinsu ɗaya ne, gaɓa guda, “parl”. Wannan “ent” ɗin na jam'i ba a faɗar sa, alhali a kalmar “souvent” ana jin sa ta hanci. Sai a “parlons” da “parlez” ne gaɓa ke zama biyu: “par-lon”, “par-le”.

A kasuwa kuwa, bambancin na da muhimmanci. A “il vend”, yana sayarwa, ba a jin “d”, amma a “ils vendent”, suna sayarwa, sai ya fito. Haka nan “ils ont”, suna da, ana faɗar sa “il-zon”, domin harafin ƙarshe yakan tsallaka ya hau gaɓar gaba, shi kuwa “ils sont”, su ne, “il-son” ake cewa. 'Yan'uwanmu na Nijar da kunne suka kama irin wannan haɗi, shi ya sa “l'école” ta zama “lakwal” a bakinsu.

Ghana ta shiga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2006, ta kuma zama cikakkiyar mamba a 2024. Ko da yake Burkina Faso ta fice daga ƙungiyar a 2025, har yanzu ana aiki da harshen a ofisoshinta. Saboda haka muna kira ga malamanmu da su riƙa sa yara su ji aikatau, su maimaita da baki, kafin su ɗauki alƙalami.