Dandalin Samaru: Inda Babu Mai Cewa "Kat!"

Duk matashin Kiru ko Bebeji da ke mafarkin zama jarumi, in ya fito Kwanar Dangora motar Kano yake tarewa. Da wuya ka ga wanda ya tsallaka titi ya nufi Zariya. Alhali kuwa a can, cikin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, akwai dandalin da ya girmi industirin fim ɗin Hausa ita kanta.

A 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a jami'ar, ƙarƙashin wani Bature, Michael Etherton. A 1976 aka kammala gidan wasan da ɗalibai ke kira Drama Village. Ginin ƙasa ne, da zagayayyun ɗakuna kewaye da fili, kai ka ce gidan dagaci ka shiga. Wani Ba'amurke, Steven Ehrlich, shi ya zana shi. Ka tuna fa, mai karatu, sai a 1990 'Turmin Danya' ya fito a Kano.

Shekara da shekaru ɗalibai na wasa a nan, ido da ido da 'yan kallo. Babu darakta mai tsayar da kyamara, babu editan da zai rufa maka asiri. Ka mance maganarka, to ka sha kunya a gaban kowa, har da budurwarka.

Amma abin da ya fito da sunan sashen shi ne shiga ƙauye. A 1977, lokacin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo, sun kai 'Wasan Manoma' Soba. Daga baya aka je Maska da Bomo. Tsarin kuwa shi ne a zauna da mutanen gari a ji abin da ke damun su, a ƙulla labari da shi, a yi wasan da Hausa a dandalinsu, sannan a buɗe muhawara.

Nan ne furodusoshinmu suka yi sake. An daɗe ana kwafo soyayyar Indiya, ga labarai jibge a kudancin Kano ba mai taɓawa: manomin shinkafa na Tudun Wada da dillalinsa, makiyayin da ke gefen dajin Falgore, masu haƙar ma'adinai a Riruwai ta Doguwa. Yanzu da kaset ya mutu, finafinai masu dogon zango suka koma YouTube, kowane mako sai an nemo sabon labari. Daga Kwanar Dangora zuwa Zariya kuwa mota ɗaya ce.